Sassauta Dokokin Hayaƙi Mai Ɗumama Duniya: Wa Ya Kamata a Sauke wa Kaya? Nazari Daga Gangara ta Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba muhawarar da ake tafkawa a kan janye ko sassauta dokokin da gwamnatoci suka kafa don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, ta kuma auna ta da halin da mutanen bakin iyaka suke ciki, musamman Gangara da maƙwabtanta a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina. An kwatanta sassauci iri biyu: wanda Nijeriya ta daɗe tana yi wa kamfanonin mai a kan ƙona iskar gas, da wanda Nijar ta yi wa manoman Maraɗi a kan itatuwan gonakinsu. Na farko ya ƙara hayaƙi, na biyu ya tayar da miliyoyin itatuwa. Matsayar maƙalar ita ce, kafin a goyi bayan kowane sassauci ko a yi adawa da shi, a fara tambayar wanda za a sauke wa kaya da wanda za a ɗora wa.

1.0 Gabatarwa

A ranar 29 ga Yuli, 2025, shugaban Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, Lee Zeldin, ya bayyana ƙudurin gwamnatin Donald Trump na soke wani hukunci da hukumar ta yanke a Disambar 2009. Hukuncin ya tabbatar da cewa nau'o'in iskar gas guda 6, ciki har da kabon dayoksayid da metan, suna barazana ga lafiyar jama'a da rayuwarsu, kuma a kansa aka gina dokokin da suka iyakance hayaƙin motoci a ƙasar. Tun ranar da ya koma kan mulki, 20 ga Janairu, 2025, Trump ya sa hannu a takardar fitar da Amurka daga Yarjejeniyar Paris ta 2015, karo na biyu ke nan. Kwana 6 kafin sanarwar Zeldin, Kotun Duniya da ke birnin Hague ta bayyana ra'ayinta na shari'a cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma ƙasar da ta yi sakaci ana iya neman diyya a wurinta.

Muhawarar ta iso gida. A Nijeriya, shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa nan da shekarar 2060, ya kuma sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi a Nuwambar shekarar. Sai ga shi a Yulin 2023 shugaba Bola Tinubu ya dakatar da harajin muhalli da aka ɗora wa ledoji da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya, tare da ƙarin harajin da aka sa wa wasu motocin da ake shigowa da su. Hujjar gwamnati ita ce a rage wa 'yan kasuwa da jama'a nauyi. Irin wannan hujja ce ake ji daga Washinton har Abuja, don haka ya dace a gwada ta a wurin da talaka yake haɗuwa da doka ido da ido.

2.0 Abin da Ya Haɗa Gangara da Hayaƙin Duniya

Zafin rana yana sauka a ƙasa, ƙasa ta mayar da wani sashe nasa sama. Iskar kabon da metan suna tare wannan zafi, su hana shi fita. Kafin zamanin masana'antu, kabon da ke cikin iska bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Yanzu ya haura 420, kuma shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin da ake fitarwa daga ƙona man fetur da gas da kwal.

Gangara mazaɓa ce ta manoma da makiyaya da masu fatauci. Abincinta gero ne da dawa da wake da gyaɗa, kuma duk suna rataye a kan damina ɗaya gajera. Kogin da aka datse aka yi madatsar ruwan Jibiya shi ne yake tsallakawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, sannan ya sake dawowa Nijeriya ya zuba a Rima. Ruwa da iska da ƙura ba sa tsayawa a shingen iyaka na Magama ko na Ɗan Isa, don haka abin da ya taɓa ɗaya gefen ya taɓa ɗayan.

A daren 15 ga Yuli, 2018, wayewar gari 16, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Jibiya. Fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi da dukiya suka salwanta. Shekara guda kafin nan, mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da ya nuna cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa mai ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, masu binciken kuma suka danganta hakan da ƙaruwar zafin hamadar Sahara. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda abin ya fi shafa, tsohon masallacin Damagaram ma ya rushe. Manomin da bai taɓa mallakar mota ba shi ne yake biyan wannan bashi da gonarsa da ɗakinsa, wani lokacin da ran ɗansa.

3.0 Dokar da Mutumin Bakin Iyaka Ya Sani

Duk da haka, idan aka tambayi mutumin Gangara ko a sassauta doka, zai amsa da e tun kafin a gama tambayar, kuma yana da dalili. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin Nijeriya na tudu. A Nuwambar shekarar Hukumar Kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa dokar tsaro da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta hana sayar da mai a jarka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan dokoki ba don yanayi aka kafa ta ba. Fasa-ƙwauri da tsaro da siyasa ne suka haifar da su. Amma su ne suka koya wa jama'a ma'anar doka. Mai noman rani da ke buƙatar galan ɗaya don injin ban-ruwa ya ga gidan mai a rufe, ya koma wurin 'yan bumburutu ya saya da tsada. Direban da ya ɗauko kaya daga Katsina ya tsaya a shinge bayan shinge kafin ya iso Jibiya. A idonsa doka ita ce sanda da aka gitta a hanya da hannun da aka miƙo.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara zafafa lamarin. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Gas ɗin girki ma ya yi tashin gwauron zabo. Matar da aka yi ta lallashi har ta sayi tukunyar gas ta jingine ta a kusurwar ɗaki, ta janyo kurfoti ta zuba gawayi, ko ta koma murhu mai duwatsu uku tana fifita ɗanyen itace, idonta na hawaye, goyonta na tari. Kowane buhun gawayi da ke jingine a bakin hanya itace ne da aka sare, aka jera a rami, aka rufe da ƙasa, aka bar shi yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki. Idan aka ce wa wannan mata an hana gawayi ba tare da an sauƙaƙa mata gas ba, an hana ta dafa wa 'ya'yanta abinci ne kawai.

4.0 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu son a sassauta suna da hujjoji uku masu nauyi. Ta farko, ba mu muka ɓata ba, don me za mu biya? Turai da Amurka sun gina arzikinsu da kwal da fetur fiye da ƙarni guda. Ta biyu, alƙawuran kuɗi ba sa cika a kan lokaci: dala biliyan 100 a shekara da aka yi alƙawari a taron Copenhagen na 2009 ba ta cika a 2020 kamar yadda aka tsara ba, kuma kaso mai yawa na abin da aka bayar rance ne. Ta uku, idan Amurka mai ƙarfin arziki ta ja da baya, me zai sa ƙasar da ke fama da rashin wutar lantarki ta ɗaure kanta?

Masu adawa da sassauci suna cewa hayaƙin da ba a hana ba bai zama kyauta ba; wani ne yake biyan kuɗinsa a asibiti ko a gonar da ruwa ya cinye. Suna kuma cewa janyewar manya dalili ne na ƙara riƙe doka, domin ƙasar da ba ta da ƙa'ida ita ce take zama jujin abin da wasu suka ƙi.

Kowane ɓangare yana riƙe da gaskiya, amma dukkansu suna magana kamar doka abu ɗaya ce. Misalai biyu daga ƙasashen da Gangara take bakin iyakarsu za su nuna cewa ba haka ba ne.

5.0 Sassauci Iri Biyu

5.1 Sassaucin da aka yi wa kamfanonin mai

Idan aka haƙo ɗanyen mai, iskar gas tana fitowa tare da shi. Kamfanin da ba ya son kashe kuɗin tara ta sai ya cinna mata wuta a bakin dogon bututu, ta yi ta ci dare da rana. A 1979 Nijeriya ta kafa dokar da ta ce daga ranar 1 ga Janairu, 1984 ba za a ƙara ƙona gas ba sai da izinin minista. Da wa'adin ya zo, sai aka buɗe ƙofar izini, aka sa tara ta kwabo 2 a kan kowace ƙafa 1,000 ta gas. A 1998 tarar ta zama naira 10. Biyan irin wannan tara ya fi gina na'urar tara gas sauƙi nesa ba kusa ba, don haka kamfanoni suka zaɓi biya.

A Nuwambar 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukunci a ƙarar da aka shigar a madadin al'ummar Iwherekan ta Jihar Delta, ta ce ƙona gas ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa. Wutar ba ta mutu ba. An sa wa'adin 2008, ya wuce. An sa na 2020, ya wuce. Yanzu ana maganar 2030. Sai a 2018 aka ɗaga tarar zuwa dala 2 a kan kowace ƙafa 1,000 ga manyan masu haƙo mai. Har yau Bankin Duniya yana lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 10 da suka fi ƙona gas a duniya.

Fiye da shekara 40 na ɗaga ƙafa bai sa gas ya yi araha a Jibiya ba, bai kawo wutar lantarki Gangara ba. Makamashin da zai iya dafa abinci da kunna fitila shi ne ake ƙonawa a banza a kudu, alhali a arewa ana sare daji don a hura murhu. Wannan sassauci ya sauke wa mai ƙarfi kaya, ya ɗora wa mai rauni.

5.2 Sassaucin da aka yi wa manoman Maraɗi

A ɗaya gefen iyaka labarin ya sha bamban. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma a 1935, da wadda Nijar ta gada ta sabunta a 1974, sun sa muhimman itatuwa a hannun hukuma ko da a gonar mutum suka tsiro. Manomin da ya sassare reshen gawon da ke gonarsa yana iya shan tara daga ma'aikatan gandun daji. Sakamakon haka, kowa ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa magana. Dokar da aka kafa don kare itace ita ce ta mayar da itace abokin gabar mai gona.

Fari da yunwar 1973 da na 1984 sun tilasta sake tunani. A Mayun 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron yaƙi da gurgusowar hamada a Maraɗi. A daidai wannan lokaci wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin, ya lura cewa 'yan kurmin da ake gani a gonaki tohon tsofaffin kututture ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Daga nan sassabin zamani ya bazu. Maimakon manomi ya share gona ƙarƙaf kafin damina, sai ya tsuguna gaban kututturen sabara ko kalgo, ya duba tohon da suka fito, ya zaɓi biyu ko uku ko biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran da adda mai kaifi, ya rage ƙananan rassa daga ƙasa zuwa tsakiya. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa. Cikin 'yan shekaru tohon ya zama itace. Gawo kuwa yana zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya kuma taki ƙasa. Da rani ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su ci.

Abin da ya ba wannan dabara ƙafa shi ne janyewar hannun hukuma. Ma'aikatan gandun daji suka rage kame, manomi ya fara jin cewa itacen gonarsa nasa ne. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin mai gona. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin da ke tsaron itatuwansu da kansu. Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, sai suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawansu a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kowane ɗaya daga cikinsu yana shanye kabon, yana tare iska, yana ba uwargida itacen girki ba tare da an shiga daji ba.

6.0 Motoci: Inda Muhawarar Amurka Za Ta Same Mu

Duk wanda ya san Jibiya ya san motocin Kwatano. Shekaru da dama ana sauke su a tashar jiragen ruwan Kwatano, a bi da su ta Gaya da Maraɗi, su shigo arewacin Nijeriya, har gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu, 2017. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma.

Motar da aka ƙera a Amurka bana ita ce za ta zo mana bayan shekara 10. Idan an ƙera ta a ƙarƙashin doka mai tsauri, za ta zo da ƙarancin shan mai, direban Jibiya ya amfana. Idan an cire dokar, za ta zo da ƙishirwa, kuma shi ne zai riƙa cika mata tanki a farashin da babu tallafi. A 2020 ƙasashen ECOWAS sun amince da ƙa'idar bai-ɗaya a kan tsaftar mai da shekarun motocin da za a shigo da su, amma aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairun 2025 kuma ta ƙara raba ƙa'idar gefe biyu na iyaka ɗaya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

7.0 Shawarwari

Na farko, gwamnatin tarayya ta tsaya a kan wa'adin 2030 na daina ƙona gas, ta karɓi tara cikakkiya, ta kuma bayyana wa jama'a abin da aka karɓa da inda aka kashe shi.

Na biyu, kada a hana gawayi da itace sai an samar da madadi. A karkatar da wani kaso na tarar gas zuwa sauƙaƙa tukunyar gas da murhu mai tsimin itace a ƙananan hukumomin bakin iyaka.

Na uku, Majalisar Dokokin Jihar Katsina ta rubuta a doka ƙarara cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne, ya sassabe shi, ya sayar, ya gadar. Hukumar Babbar Katangar Itatuwa ta Ƙasa, wadda Katsina ke cikin jihohi 11 da take aiki a cikinsu, ta ba rainon toho muhimmanci kamar yadda take ba dashen sababbin itatuwa, ta kuma kai manoman Gangara da Bugaje da Faru su ga gonakin 'yan'uwansu na Maraɗi da idonsu.

Na huɗu, Nijeriya da Nijar su daidaita ƙa'idar mai da ta motoci a tsakaninsu, ko da siyasa ta raba su, su kuma hanzarta layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Jibiya ya rage yawan manyan motoci a hanya.

Na biyar, duk dokar muhalli da za ta shafi mutanen iyaka a tattauna ta da su da Hausa, a gaban masu gari da malamai da ƙungiyoyin manoma da na mata, tun kafin a sa mata hannu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙorafin mutumin bakin iyaka a kan doka gaskiya ne, amma dokar da ta dame shi daban, wadda aka nemi cirewa a Washinton da ofisoshin kamfanonin mai daban. Masu manyan bututun hayaƙi sukan fake da wahalar talaka don a ɗaga musu ƙafa, kuma tarihin ƙona gas a Nijeriya ya tabbatar da cewa ribar wannan ɗaga ƙafa ba ta isowa ga talakan. Tarihin Maraɗi kuma ya tabbatar da cewa idan aka sakar wa manomi mara, aka ba shi mallakar abin da ya raina, zai yi wa muhalli aikin da hukuma ta kasa. Don haka kira ga 'yan majalisa da masana da 'yan jarida shi ne, duk lokacin da aka kawo ƙudurin sassauta wata dokar muhalli, su nemi a faɗa musu sunan wanda zai amfana da sunan wanda zai biya. A sassauta wa manomi da uwargida, a tsaurara wa mai ƙona gas da mai shigo da gurɓataccen mai. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya ba mu damina mai albarka.